Igiyar talho ko tauraro: shawara ga ƴan bida da mahukuntan Madawa, Buza da Kaita

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin mutanen Adar da Majiya cikin ƴan shekarun nan, musamman ƴan bida waɗanda Allah ya buɗa wa a Abijan ko Legas ko Libiya, suka aiko da kuɗi aka gina musu gidan siminti a ƙauyensu na haihuwa. Gida ya ƙare, an sa ƙofar ƙarfe, an ɗora faifan hasken rana bisa rufi, tsohuwa da uwargida da yara sun tare. Saura abu guda: mai gida yana so in ya kira da dare ya ga fuskar iyalinsa, ya ji muryarsu ba tare da yankewa ba. Sai ya shiga tambaya, wace hanya ce za ta kai intanet gidan nan? A jawo igiyar talho, ko kuwa a sayi farantin nan na tauraron ɗan adam da ake ta zancensa?

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin kuɗin da za a kashe gumi ne na shekaru a ƙasar wasu. Kuma amsar ta shafi mahukunta kamar yadda ta shafi mai gida, gama abin da gidaje dubu suka zaɓa ɗaya bayan ɗaya shi ne zai zama halin ƙasa gobe.

Mu fara da igiya. Wanda ya zauna birnin Turai ko wani babban birni na gaɓar teku ya saba ganin intanet tana shiga ɗaki ta wayar talho, watau siririyar igiyar jan ƙarfe da ke tasowa daga cibiyar talho ta bi ƙarƙashin ƙasa ko bisa turaku har cikin gida. Dabarar da ke ɗora intanet bisa wannan igiya ana kiranta ADSL, kuma tana da iyaka wadda ba a iya tsallakewa: gwargwadon tsawon igiya, gwargwadon raunin saƙo. In gida ya yi nisan da ya wuce kamar kilomita 5 daga cibiya, abin da ke isowa bai taka kara ya karya ba. To, a gundumominmu uku, talhon igiya tun zamanin gidan waya na da bai wuce manyan garuruwa ba, can ma sai ofishin kumandan, da jandarma, da likita, da gidajen ƴan kasuwa kaɗan. Dattawa suna tune da yadda mutum kan yi sammako ya zo gidan waya, ya ba da lamba, ya zauna bisa benci har hantsi kafin a ce masa Yamai ta samu. Mutumin Tabotaki ko Garhanga ko Urno bai taɓa ganin turken talho a ƙofar gidansa ba, kuma ba zai gani ba, domin duniya ta bar shimfiɗa jan ƙarfe, ƙasashen da suka fi kowa yawansa ma kwance shi suke yi. Saboda haka wanda ke jiran wannan igiya a ƙauye, ya daina jira.

Abin da ya gaji jan ƙarfe shi ne igiyar gilashi, wadda saƙo ke gudu cikinta da haske. Ita kam tana nan ƙasarmu, ta bi gefen babbar hanya daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, wani reshe kuma ya haura Tawa da Agadas. Madawa tana bisa wannan hanya, ta yi sa'a. Amma igiyar gilashi kamar kwalta take, manyan garuruwa take haɗawa, ba ta shiga lungu. Amfaninta ga mutumin ƙauye yana zuwa ne ta hannun wani, watau dogayen ƙarafan nan na salula da muke kira antan. Antan ita ke karɓar maganar salularka ta iska, ta miƙa wa wata antan, har a kai inda igiya take. Don haka in an ce layin talho a ƙauye yau, to reson salula ake nufi, na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Zaɓin mai gida na zahiri ke nan: reso ko tauraro.

Kada mu raina abin da reso ya yi mana. Salula ta shigo ƙasar nan cikin shekara ta 2001, kuma ba a daɗe ba aka ga aikinta a kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda reso ya isa. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina ɗora buhu bisa mota cikin duhu, yana tambaya kafin ya tashi. Manomin albasa na fadamar Tarka ya san wannan fiye da kowane masani, domin kira guda zuwa Galmi ko Abijan kan hana shi faɗawa hannun dillalin da ya zo da labarin ƙarya. Haka kuma ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci kun san salula ita ce allon da ba a wankewa, wanda ya koyi baƙi da wasali in yana rubuta saƙo kullum ba ya mancewa. An gwada wannan a ajujuwan manya na jihohin Doso da Damagaram cikin 2009 da 2010, aka ga waɗanda aka koya wa aiki da salula sun fi sauran riƙe karatu da lissafi.

Sai dai ƙasarmu ta Adar tana da halinta. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Mutane sun zauna cikin kwari domin can ruwa yake, can gona take, dutse kuwa ya tsaya tsakaninsu da antan. Saƙon salula ba ya huda dutse, kuma ba ya lanƙwasa ya gangara kwari yadda ake so. Shi ya sa za ka ga ƙauye bai fi tafiyar sa'a guda a ƙasa daga Buza ko Tamaske ba, amma sai an hau tudu, ko an tsaya gindin wata itaciya da kowa ya sani, kafin sanda ɗaya ta fito a fuskar salula. Inda murya ke shiga ma, sau da yawa hoto ba ya shiga. Mace ta aika wa mijinta saƙon murya da la'asar, ya isa bayan lisha. Wannan ita ce ƙishirwar da ta sa mutane suka ɗaga kai sama.

Tauraron ɗan adam ba baƙo ba ne gare mu, parabol ɗin talabijin ta daɗe bisa rufin gidaje. Waɗancan taurari suna can nesa ƙwarai, wajen kilomita 36,000 bisa tsakiyar duniya, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa ake kafa parabol ta dubi wuri guda har abada. An daɗe ana samun intanet ta wannan hanya, bankuna da manyan ma'aikatu suna aiki da ita, amma da tsada, ga kuma jinkiri: kafin magana ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, fiye da rabin daƙiƙa ya wuce, sai hira ta zama kamar ta kurame, kowa na katse ɗan'uwansa. Sabon abu shi ne na kamfanin SpaceX na Amurka, mallakar Elon Musk, wanda ya fara harba taurarinsa na Starlink da yawa cikin 2019. Su waɗannan ƙasa ƙasa suke, wajen kilomita 550, watau kusan tsawon hanyar mota daga Yamai zuwa Tawa. Ba su tsayawa wuri guda, kowane yana kewaye duniya cikin kamar sa'a ɗaya da rabi, amma da yake dubbai ne, kafin wannan ya ɓace wani ya ɓullo, faranti kuma yana sauya su da kansa. Kusancin nan shi ya kashe jinkiri. Kuma da yake daga sama saƙo ke saukowa, dutsen Adar ba ya tare shi. Abin da faranti ke bukata kawai shi ne sarari buɗe, ba reshe ba bango, wannan kuwa Allah ya hore mana shi.

Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka buɗe wa Starlink, cikin Janairu 2023, kuma daga can faranti ya fara tsallako iyaka a ɓoye tun ba a ba shi izni a nan ba. Cikin Oktoba 2024 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin, ta hannun ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, aka kuma buɗe aikin a fili cikin Maris 2025. Mataki ne mai kyau, domin abin da ba ka iya hanawa gara ka san inda yake da wanda ke riƙe da shi. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba ta iya jiran ranar da antan za ta tsaya bisa kowane tudu.

To, yanzu ɗan bida ya sayi faranti ya aiko gida ke nan? Ra'ayinmu shi ne ya dakata, ya ɗauki alƙalami.

Lokacin da aka buɗe aikin cikin 2025, kuɗin kayan da kansu ya haura jika 100 ko da ƙaramin ne, babban kuwa ya fi haka nesa. Wannan sau ɗaya ne, ɗan bida zai iya. Abin da ke karya mutum shi ne na wata, wanda ba ya sanin damina ko rani, ba ya sanin an yi ciniki ko ba a yi ba. Mu ƙaddara jika 25 ne, a shekara ya zama jika 300. A tuna fa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka wa ma'aikaci a ƙasar nan tun Janairu 2024 jika 42 ne a wata. Watau faranti yana cin fiye da rabin albashin lebura. Jika 300 kuwa kowane magidanci ya san buhun hatsi nawa ne lokacin kaka, ya san tumaki nawa ne. Kuma ba a biyan kuɗin nan da dala dala a teburin mai shago kamar yadda ake sayen kiredi, biya ne na zamani ta kati ko ta hannun wakili, wanda tsohuwa a ƙauye ba ta da hanyarsa. Ranar da mai gida ya yi rashin lafiya a Abijan, ko aka kore shi daga wurin aiki, ko aka tsare shi a kan iyaka, ranar ce faranti zai zama kwanon shanya kuɓewa.

Sa'an nan ga wuta. Babban faranti yana cin wat 75 zuwa 100, watau kamar a kunna ƙwan fitila goma masu wat 10 gaba ɗaya. In ya yi sa'a goma yana aiki ya sha kusan kilowat guda. Ƙaramin yana cin wat 25 zuwa 40. Ɗan faifan hasken rana da aka saya domin fitila biyu da cajin salula ba zai ɗauki wannan ba, sai an ƙaro faifai, an sayi batir mai ƙarfi, batir kuwa a zafin ƙasarmu ba ya daɗewa, bayan ƴan shekaru sai an sake. Wanda ke garin da kuran na NIGELEC ya isa ma ya san ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari, mun ga abin da ya faru daga Agusta 2023 sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, har watanni. Kamfanin da kansa ya ce an ƙera faranti ya yi aiki har zafi ya kai daraja 50. A watan Afrilu, bisa rufin kwano, da tsakar rana, kowa ya san ba mu nesa da nan. Hadari mai ƙarfi yana yanke saƙo na ɗan lokaci, ƙurar hunturu tana bukatar a riƙa sharewa, iskar farkon damina kuwa wadda ke yaye rufi ba za ta ji kunyar faranti ba in ba a ɗaure shi da kyau ba. In ya lalace, babu mai gyara a kasuwar Buza ko ta Ibohaman da zai buɗe shi ya ɗinke kamar rediyo, sai dai a sake wani.

Bayan duk wannan, sai a tambaya: me gidan zai yi da abin da ya saya? Faranti guda yana kawo intanet da ta ishi mutum gommai. Gidan da ke da salula uku, ana kiran mai gida da dare, ana sauraren wa'azi, yara na kallon wasa, bai ci ko ushirin abin da ya biya ba. Kamar mutum ne ya sayi babbar motar ɗaukar albasa domin kai uwargida rijiya.

Don haka shawararmu ga mai gida ita ce ya fara da gwaji mai arha. Ya sa wani yaro mai wayo ya ɗauki katin kowane kamfani, ya gwada su cikin gida da bisa rufi, da safe da dare, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Sau da yawa reson da ba ya shiga ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana nan bisa rufi. In haka ne, akwai ƴar na'ura da ake sa wa katin salula, a ɗaga ta ko a ɗaga kunnenta bisa dogon ƙarfe ta fuskanci inda antan take, ita kuma ta watsa wifi cikin gida. Kuɗinta kaɗan ne in an gwada da faranti, wutar da take ci ba ta fi ta ƙwan fitila ba, kuma ana saya mata mega gwargwadon aljihu, yau da yawa, gobe kaɗan, jibi babu, ba wanda zai rufe maka layi. Gidan da wannan ta yi wa aiki ba shi da hujjar sayen faranti, sai dai in don a ce ɗan wane ya kawo abin da babu a gari. Wannan kuwa mun san yana cikin abin da ke cinye dukiyar ƴan bida tun ba yau ba.

Saura ƙauyen da ke can ƙuryar kwari, inda ko an hau rufi babu komi. Nan tauraro ne kaɗai hanya a yau, ba mu musu. Amma a nan ɗin ma muna ganin kuskure ne a mai da shi kayan gida ɗaya. Abin gayya ne, a yi masa gayya. Gida 25 in kowane ya ba da jika guda a wata, an biya. A kafa shi inda jama'a ke da hakki, kusa da likita ko lakwal ko ɗakin ƙungiyar manoma, a ƙara na'urar da ke tura wifi nesa kaɗan, domin ta cikin kwali ba ta wuce ƴan taku gommai, bangon ƙasa kuma yana shanye ta. Ɗan bida mai son alheri ya sayi kayan ya ba gari, ya bar na wata a wuyan masu amfani. Da haka tsohuwarsa za ta gan shi da dare, malamin likita zai aika da rahoton ƙyanda ko sanƙarau gunduma a ranar da ya gani ba sai ranar kasuwa ba, unguwarzoma za ta kira motar ɗaukar mai naƙuda, mushen lakwal zai sami takardun koyarwa, manomi zai ɗauki hoton tsutsar da ke cin gonarsa ya aika wa malaman gona.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, gari ya taru gindin akwati guda, a saurara, a yi muhawara. Cikin shekarun 1980 an rarraba akwatunan talabijin na jama'a masu aiki da hasken rana a garuruwa da yawa. Mutanen Majiya kuwa tun 1975 suka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tare da ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE, na Kaita kuma daga 1984 suka ɗauki dutse a ka, mata a gaba, cikin babban aikin raya karkara da ƙasar Italiya da hukumar FAO suka tallafa, aka farfaɗo da fako, aka dasa miliyoyin itatuwa. Jama'ar da ta yi wannan ba za a koya mata haɗa kai ba. Amma mu faɗi ɗaya gefen kuma. Ina akwatunan talabijin ɗin nan suke yau? Famfo nawa muka gani an kafa da kiɗa da guɗa, bayan shekara biyu ya tsaya domin ƙarfen dala ɗari biyar, ba a san wanda ke riƙe da kuɗin gyara ba? Abin kowa in ba a ɗora shi a wuyan wani ba, na ba kowa ne. Farantin gari yana bukatar mutum uku da aka sani da suna: mai karɓar kuɗi, mai rubutawa, mai kula da kaya. Yana bukatar littafi da ake karantawa gaban jama'a kowane wata, da asusun batir dabam wanda ba a taɓawa don biki ko rasuwa. A nan ne ku ɗaliban yaƙi da jahilci kuke da aiki, domin wannan littafi hannunku zai shiga, kuma muna ganin ya fi kyau mata su riƙe asusun, an gwada su a asusun adashi an ga riƙonsu.

A kuma kiyaye doka. Sayar wa jama'a intanet sana'a ce da ke ƙarƙashin hukumar ARCEP, wanda zai buɗe wurin wifi na kuɗi ya nemi sanin ƙa'ida tukuna, kada ya sayi kaya ya zo ya yi kuka. A sayi faranti ta hanyar da aka yarda, da sunan wanda aka sani. Dalilin bai ɓuya ba ga mutanen gundumar Madawa, waɗanda ke maƙwabtaka da iyaka, suka kuma karɓi baƙin da ƴan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato zuwa ƙasar Bangi. Abin da ke kai magana ƙuryar kwari domin likita, shi ne ke kai ta ƙuryar daji domin ɓarawo.

Yanzu ga mahukunta, kuma wannan shi ne abin da ya fi damunmu. Akwai haɗari mutum ya ga faranti yana aiki ya ce shi ke nan, an huta da haƙa rami da kafa antan, sama ta ɗauke mana nauyi. Wanda ya yi wannan tunani ya yi kuskure babba. Tauraron nan ba namu ba ne. Kamfani ne na mutum guda a wata ƙasa, shi ke yanka farashi, shi ke buɗewa, shi ke rufewa. A Nijeriya cikin Oktoba 2024 an wayi gari kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da hukumar sadarwa ta ƙasar ta tsaya kafin a dakatar a lokacin. A ƙarshen shekarar kuma an daina karɓar sababbin masu shiga a Legas da Abuja na wani lokaci, domin sararin da ke bisansu ya cika. A yaƙin Yukiren, mai kamfanin da bakinsa ya faɗa cikin 2023 cewa an roƙe shi ya buɗe layin a gaɓar Kirimiya ya ƙi. Ko mutum ya ga daidai ya yi ko bai gani ba, darasin guda ne, makulli yana hannunsa. Kuma yawancin abin da aka biya na wata fita yake daga ƙasa. Antan kuwa ko ta kamfanin waje ce, a ƙasarmu take tsaye, ɗanmu ke gadinta, ɗanmu ke gyaranta, mai shago yana cin ribar kiredi, baitulmali yana karɓar haraji, in ta yi laifi akwai ofishin da za a kira ta.

Ba mu ce igiya ba ta da nata rauni ba. Ƙasarmu ba ta da teku, igiyarmu sai ta ratsa ƙasar maƙwabta kafin ta sadu da manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala, har da tamu. A irin wannan rana mai faranti shi ke dariya. Shi ya sa aikin igiyar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa domin haɗa mu da Aljeriya da Cadi da Nijeriya da Benin da Burkina Faso, yake da muhimmanci: ƙofa biyar ta fi ƙofa ɗaya. Ƙasa mai hankali tana riƙe duka biyu, igiya ta zama tushe, tauraro ya toshe inda igiya ba ta kai ba tukuna. Har ma ana iya haɗa su, a kafa ƙaramar antan mai aiki da hasken rana a ƙauye mai nisa, tauraro ya ɗauki saƙonta maimakon igiya, mutane kuwa su ci gaba da aiki da salularsu da katinsu kamar kullum, ba wanda ya sayi faranti.

Kayan aikin suna nan. Doka ta ɗora wa kamfanonin salula zuba wani kaso na cinikinsu cikin asusun kai sadarwa ga kowa. Akwai hukumar ANSI da shirinta na ƙauyuka masu wayo, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dalar Amurka miliyan 100 cikin 2020 domin kai reso karkara. Abin da ya rage shi ne a san inda ramin yake. Kamfani yana kafa antan inda lissafinsa ya nuna masa riba, taswirar da ke ofishin Yamai kuwa tana iya shafa wa gari launin cewa yana da reso alhali mutanensa bisa tudu suke kira. Babu wanda ya san gaskiyar wannan kamar hakimi da mai gari da malamin likita da mushen lakwal.

Saboda haka muna roƙon perefe na Madawa da na Buza da na Kaita, tare da shugabannin kwamin goma sha bakwai da ke ƙarƙashinsu, daga Bangi da Sabon Gida da Galma da Azarori, zuwa Karofan da Allakai da Babban Katami da Dewule da Tama, har Tamaske da Garhanga da Ibohaman, su sa a yi ƙidaya mai sauƙi kafin damina ta rufe hanyoyi. Takarda guda ga kowane ƙauye: sunan gari, yawan gidaje, akwai likita ko lakwal, wane reso ke shiga, murya kaɗai ko har da hoto, cikin gari ko sai an hau tudu, faranti nawa ke akwai kuma na wane ne. Ba aikin injiniya ba ne, duk wanda ya ƙare ajin manya zai iya cika ta da Hausa. A tattara a kai Tawa, a miƙa wa ARCEP da ANSI da kamfanonin huɗu, a kuma liƙa kwafi a ƙofar kowace kwamin, domin ɗan bida in ya zo hutun salla ya karanta da idonsa kafin ya yanke abin da zai saya wa gidansa.